Kajin da Suka Tsare Rumbu

Ɗari ya sauko mana a Dakoro makon jiya, irin wanda ke sa mutum ya tsaya yana shawara da buta kafin ya yi alwala. Da hantsi na fito shan rana, na tarar da Nana, matar ɗana, tsugune a bakin akurki da 'yar kwalba a hannu, tana ɗiga wa kaji magani a ido ɗaya bayan ɗaya. Likitan dabbobi ne ya ba ta, wai rigakafin ciwon nan da ke zuwa da sanyi. Akurkin nata na siminti ne, da raga a gaba, har da fitilar sola da ake kunna wa 'yan tsaki don su ji ɗumi. Ta ɗago ta ce, "Inna, ku a zamaninku mi kuke ba su in sanyi ya zo?"

Na ce, "Ɗakina na ba su."

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwancin tsufa ne. Na jawo tabarma na zauna, amma hankalina ya riga ya koma wata shekara can baya.

A shekarar ina goyon ɗiyata, haihuwata ta uku. Damina ta fara da kyau, har mutane suna cewa bana rumbuna za su yi kaɗan. Sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, mu kwashe shanya, mu jera tukwane, sai iska ta zo ta watsa shi muna kallo. Ganyen gero ya naɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Da aka zo girbi, zangarniya ka murza a tafin hannu ka hura, abin da ya rage bai cika cokali ba.

Maigidana ya kwaso abin da ya samu ya zuba a rumbu. A wurinmu, idan an gama girbi, namiji yakan liƙe bakin rumbunsa da laka, ya mayar da jinka, ya tafi biɗa kudu sai damina ta ƙarato. Abin da ke ciki na damina ne, iri da abincin da za a ci ana noma. Mace ba ta hawa rumbun miji, ba ta leƙa shi, ba ta tambayar dami nawa ne a ciki. Rani kuwa nata ne, ta san yadda za ta yi da abin da ta samu a gamanarta, 'yar gonar da miji ke yankar mata. Na san abin da ke faruwa idan aka fasa rumbu tun da rani, domin na gani a gidan mahaifina. Ruwa na sauka, maigida ya ɗauki hauyarsa ya tafi barema a gonakin mutane don a samu na tuwo, tasa gonar ciyawa ta cinye, shekara mai zuwa ta fi wadda ta wuce muni. Gidan da ya faɗa wannan rami yakan daɗe bai fito ba.

Ya sauko daga tsani da laka a hannuwansa, bai dube ni ba, ya ce, "In ta ƙure maku, ki aika ma Kawu Sallau can Kornaka. Shi ad da iko shi ce a buɗe."

Na ce, "Ba ta ƙurewa."

"Da mi za ki riƙe su? Gamanakki ba ta yi komi ba."

Na nuna masa gindin danga da baki, inda kajina ke tono. Ya dube su, ya dube ni, ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun girbi. Washegari ya hau motar kasuwa. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Iya, da yara biyu masu gudu, da ta goye.

Kajin nan ba wasu na a zo a gani ba ne. Asalinsu wata kaza ce da gwaggona ta sa mini cikin kayan aure. Akwai fingi mai gashi a tashe kamar wadda aka tasa daga barci, akwai durgu mai gajerun ƙafafu da ta fi kowa faɗa, akwai sagaru da ba su fara ƙwai ba, da 'yan zakaru masu koyon cara, sai jan zakara babba wanda ya ɗauki kansa maigida tun kafin mai gidan ya tafi. A shekarar kowa kasuwa yake kai nasa, domin ba abin ba su. Ni na duba na ga idan na sayar da kaza mun ci kwana biyu an gama, idan na riƙe ta kuwa ƙwanta na dawowa. Matsalar ita ce kaza mai jin yunwa da sanyi ba ta ƙwai. Nan aikin yake, kuma ban taɓa shakkar zan iya ba.

Tun da asuba nake tashi, ruwan randa ya yi sanyin da ke sa haƙori tsami. In hura wuta da kara, in ɗumama ruwa, in zuba wa kaji nasu da ɗumi kafin in taɓa na yara. Iya tana daga ƙofar ɗakinta a ƙudundune cikin bargo, tana cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin an dafa wa kaza ruwa ba. Daga nan in goya 'yar in nufi bayan gari, inda na kife fasassun tukwane. Dabarar kakata ce. Ka cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tukunya, ka yayyafa ruwa, ka kife ta inda gara ke bi. Ta kwana biyu, ka ɗaga, ciki ya cika da gara fari fat. In juye a kwando in rufe da tsumma, in sake ɗana wata, in dawo da sauri iska na tsaga mini leɓe. Kajin sun san tafiyata, tun daga nesa suke haɗuwa a ƙofa.

Da hantsi in tafi surfe. Matar mushen lakwal, wato malamin makaranta, da wasu matan ma'aikata ba sa daka da kansu, ni nake surfa musu gero, ladana dusa. Tafin hannuna ya yi kanta, faso ya tsaga mini dugadugai har ina ɗingishi, in narka man shanu in na samu in cusa, in ban samu ba in ɗaure da tsumma. Dusar nan kuwa mu ma muna so, domin a irin wannan shekara dusa abincin mutum ce. In raba ta biyu, rabi a dama mana, rabi in kwaɓa wa kaji da ruwan ɗumi da ɗan toka. Duk ranar da Iya ta ga ina rabon sai ta juya baya.

Ta ce, "Mutane na jin yunwa kina ciyar da tsuntsaye."

Na ce, "Iya, su za su ciyar da mu."

Kafin wata ya zagayo suka fara ƙwai. Fingi ce ta buɗe, sagarun suka biyo baya. Ranar kasuwa in dafa ƙwai in kai tasha, 'yan mota da fatake su saye, in wuce kai tsaye wurin masu awo in dawo da gero a ƙullin zane. Wani lokaci in yi musaya da matan Fulani, ƙwai a ba ni nono. Wanda ya fashe ko ya yi ƙanƙanta, na yara ne. Nan ma sai da muka yi da Iya, domin a wurinta yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama, ya fara da akurki ya ƙare da rumbun mutane. Ban yi mata musu ba, suruka ce. Sai na koma fasa ƙwan a cikin kunu yana tafasa, in kaɗa har ya ɓace, in zuba wa kowa, har da ita. Ta sha ta ce kunun nan ya yi gardi. Na tabbata ta sani, ita ma ta tabbata na san ta sani, muka bar maganar a haka.

Nama kuwa sai an daɗe. Idan 'yan zakarun suka fara damun juna da faɗa, in kama wanda ya fi rashin kunya in kai wa tsohon liman na unguwa ya yanka, in bar masa wuya. Ranar farko romo, washegari miyar kuka da ƙashi, ranar da ta biyo baya a sake tafasa ƙashin. Yaran su kwana suna lasar hannu. Ba ƙoshi muke yi ba, amma ba wanda ya kwanta da ciki wayam, kuma rumbu na nan a rufe.

Ana tsakiyar ɗari ciwon ya shigo gari. Ya fara daga gidajen da ke kusa da kasuwa. Kaza ta takure wuri ɗaya, ta saki fukafukai, tana buɗe baki tana kashi kore, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Yau a ga ɗaya, jibi akurki ya zama wofi. Mutane suka ce iska ce, iska kuwa ba a tare ta. Ni ban san sunan ciwon ba, ban san maganinsa ba, amma na san abu ɗaya da na lura da shi tun ina gidanmu. Bai taɓa shiga gida da kansa ba. Kullum sai an kawo baƙuwar kaza daga kasuwa, ko na gida sun je juji sun cuɗanya da na maƙwabta.

Ranar da na ji ya iso gidan Habsu, maƙwabciyata da danga kawai ta raba mu, ban jira komai ba. Akurkina na kara ne, ko ɗan tsako na iya ratsa shi. Na fitar da gadona da tabarmi, na barbaɗa toka a ƙasan ɗakina, na gicciya sanduna, na kwashe kajin kaf na zuba a ciki na ja ƙyaure. Kwallayen aurena da na jera a bango, waɗanda ko yara ban bari su taɓa, na sauke na zuba musu yashi da ƙaiƙayi suka zama wurin ƙwai. Na toshe rariya da dutse, na jibga ƙaya a gindin danga. Ni da 'yar goye muka koma ɗakin Iya. Ta ce ta ga amarya ta ga uwargida, amma ba ta taɓa ganin matar da kaji suka fitar daga ɗakinta ba.

Makon nan garin duka ƙamshin miyar kaza yake. Kowa yana rigen yanka nasa kafin su mutu. Mutanen da suka yi wata ba su ga maiƙo ba suka ci nama safe da yamma. Habsu ta miƙo mana kwano ta saman danga, na karɓa na gode, yara suka ci, domin dafaffe ban hana ba. Mai rai ne na ce ba ya shigo mini.

Ta leƙo ta ce, "Ke Rabi, yanka naki ki ci tun suna da amfani. In sunka mutu ko kare ba ya gode maki."

Na ce, "In sunka mutu na zo ki yi mani dariya."

Sai dai kajin ba su ji daɗin kulle ba. Sun saba yawo, ga duhu, ga matsi, ƙwai ya ja baya har ya kusa tsayawa. Nan muka ga wuya ta gaske. Geron gamana ya ƙare. Muka koma anza, 'ya'yan itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita, da busasshen ganyen tafasa. Nonona ya ragu, 'yar tana tsotsa tana saki tana kuka. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, ya daina wasa da yamma, sai ya zauna jikin bango inda rana ta bari da ɗumi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na lura Iya ta fara zama tana fuskantar rumbu. Ashe ta riga ta aika wa ƙanenta, Kawu Sallau, ban sani ba.

Da hantsi na ji sallamarsa a ƙofar gida. Na yafa zane na fita zaure, sai na gan shi tsaye, dogo, da rawani, da wani farin zakara ƙato a hammata, ƙafafu a ɗaure. Daga kasuwar Kornaka ya sayo shi, inda a lokacin kaji suka yi arha don kowa na neman rabuwa da nasa. Na dubi zakaran. Tukkunsa ya yi duhu, bakinsa a buɗe, ido a lumshe. Wataƙila wahalar mota ce. Wataƙila kuma ba ita ba ce.

Matar ɗa ba ta tsayawa gaban kawun mijinta. Takan durƙusa a gefe, ta rufe fuska, ta amsa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, ta ɓace. Na durƙusa, na rufe fuska, na gaishe shi yadda ya kamata. Amma a tsakiyar ƙofa na durƙusa.

Ya amsa, ya jira. Da ya ga ban motsa ba ya ce, "Ɗiyata, kauce in shiga. Ga zakara na kawo maki, an ce kina kiwo. Ki haɗa da naki, iri ne mai kyau."

Na ce, "Na gode, Kawu, Allah shi saka da alheri. Amma nan waje za a yanka shi."

"Yanka? Ba don tukunya na sawo shi ba."

"Baƙo irinku ba ya zuwa gidanga a ce ba a yi mashi yanka ba."

Kawu ba yaro ba ne, ya san ana zagaya shi. Ya ce, "Hwaɗi gaskiya. Kyautata ce ba ta isa shiga gidan ɗana ba?"

Na ce, "Daga kasuwa ya hito, Kawu. Bana duk gidan da kazar kasuwa ta shiga, ba a bar ko ɗaya ba. Waɗanga na ciki su ka riƙe da mu."

"Ciwo na Allah ne."

"Na Allah ne, Kawu."

Ban kauce ba. Daga bayana na ji Iya tana salati, tana cewa na kunyata ta, na kunyata ɗanta, wace irin ɗiya ce ke tare suruki a ƙofa. Mutane sun fara tsayawa a hanya. Amma na san idan zakaran nan ya taka tsakar gidana, ba abin da zai hana a fasa rumbu. Na miƙa hannu baya na jawo faifan da ke jingine a zauren, na sa wuƙa a kai, na tura gabansa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon wuƙar. Sannan ya ɗauka, ya koma bayan katanga ya yanka. A can na fige shi, na ƙone gashin, na binne kayan cikin da zurfi, na dafa a murhun da na haɗa a waje, na wanke hannuwana da toka kafin in koma ciki. Har yau ban san ko zakaran na da ciwo ba. Mun cinye shi dai, kuma ya yi daɗi.

Bayan azahar Kawu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ya ce Iya ta kira ni. Ya jawo ɗan farina ya kama damtsensa, ya dubi wuyansa, ya sake shi. Bai dube ni ba, ya ce, "Na ba da izini. A kawo tsani a buɗe."

Na ce, "Kawu, a yi mani hanƙuri zuwa tsayuwar wata. In yaran ga sunka hi haka ramewa, ni da kaina zan aiko. Ba ni barin ɗiyana su lalace don hatsi."

"Mi kike jira?"

Na tashi na ɗan buɗe ƙyauren ɗakina. Ya sunkuya ya leƙa, warin ya buge shi ya ja baya, ya sake leƙawa. Fingi da durgu suna kwanci a cikin kwallayen aure, kowace ta baje a kan ƙwai tana hararar sa. Jan zakara na bisa sanda. Ba mai tari, ba mai sakin fiffike. Ya miƙe ya gyara rawaninsa, ya ce wa Iya, "Ɗanki namiji ya auro." Ya bi motar yamma ya koma, bai yi mini sallama ba. Abin ya yi mini zafi, domin mutum ne da nake girmamawa, kuma da alheri ya zo.

Kwanakin da suka biyo baya kullum sai na kama damtsen yaran yadda na ga ya yi. Na ƙara tukwanen gara, na ƙara gidajen surfe, na huda bangon ɗakin ta sama don haske ya shiga. Kajin suka saba, ƙwai ya dawo a hankali. Ciwon kuma ya ci ya ƙoshi ya wuce, don bai bar abin da zai kama ba. Asuba ta yi a unguwarmu shiru, ba cara ko ɗaya sai ta jan zakarana daga cikin ɗaki, tsohon liman ma ya ce da ita yake tashi. Aka ƙyanƙyashe. Na riƙa zuba rushi a kasko in rufe da toka in ajiye a tsakiyar 'yan tsakin su kewaye shi. Duk da haka sanyi ya kashe mini wasu, durgu kuma ta taka wasu garin faɗa. Waɗanda suka rayu sun isa.

Da ƙwai ya yi wuya a gari, abin da nake samowa a tasha ya ninka. Tuwo ya dawo gidanmu da dare, fura da rana. Wata ya tsaya, wani ya bi shi, ban aika Kornaka ba. Mata suka fara zuwa neman iri. Habsu ce ta farko, ta tsaya a zaure tana murza gefen zane, ta ce ta zo yi mini dariyar da na ce. Na ba ta sagara a kan idan ta ƙyanƙyashe mu raba, haka na yi da sauran. Da zafi ya shigo na buɗe wa kajin ƙofa, suka fito suna ƙifta ido. Na kankare ɗakin, na yi sabon daɓe, na turara shi da duk abin da na sani, amma har damina idan na kwanta ina jin warinsu.

Maigida ya dawo lokacin da zafi ya kai maƙura, gajimare sun fara taruwa. Da ƙyar na gane shi daga nesa. Ya yi ciwo a can, aikin bai samu ba, abin da ya shigo da shi 'yar jaka ce da ba ta cika ba. Motar ta tsaya da su a Kornaka, ya shiga gaida Kawu, Kawu ya ce masa abu biyu kawai, cewa ya ba da izinin buɗe rumbu tun cikin ɗari, kuma matarsa ta tare shi a ƙofa. Da wannan ya ƙaraso gida. Ya gaida mahaifiyarsa, ya sha ruwa, ya ɗauki yara, ya zauna ya ba rumbun baya. Na ƙyale shi, ina so ya huta, kuma gaskiya ina so in ga yadda zai yi.

Da safe ya sa riga ya ce zai je ya ga wani mai gonaki da yawa, ya kama wuri tun kafin masu neman barema su yi yawa. Ya faɗe shi a hankali, kansa a ƙasa.

Na ce, "Kahin ka tahi, hau ka duba rumbunka."

"In duba mi?"

"Hau dai."

Ya jingina tsani ya hau kamar wanda aka aika. Ya ɗaga jinka. Lakar na nan yadda ya shafe ta, da sawun yatsunsa a bushe, ko tsaga ba ta yi ba. Ya sa tafinsa a kai. Ya daɗe a can sama, har na fara tsoron jiri zai kwashe shi. Da ya sauko ya zauna a ƙasa a gindin tsanin, ya dubi yaran, ya dubi Iya, ya ce, "To mi kunka ci?"

Iya ce ta amsa. Ta ce, "Kunu munka sha. Mai gardi."

Ba a yi mako biyu ba ruwan shuka ya sauka, mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙu har ƙamshinta ya cika ɗaki. Gari na wayewa ya ɗauko tsani da ɗan gatari. Na tsaya nesa da kwando, inda mace ke tsayawa. Sai ya juyo ya miƙo mini gatarin ta ƙota.

Ya ce, "Ke kinka tsare shi. Ke za ki buɗe."

Iya ta ce, "Mace bisa rumbu?" Sannan ta taso ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu, ta ce in hau a hankali.

Na ɗaure zanena na hau. Na fasa lakar, ƙamshin gero ya bugo ni, na leƙa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin cikinsa ba. Dammunan suna can ƙasa, ba su kai ko rabin rumbun ba, sai da idona ya saba da duhu na gan su sosai. Na ce a raina, ashe a kan ɗan wannan na durƙusa wa Kawu a ƙofa.

Daga ƙasa maigida ya ce, "Shina kai mu?"

Na ce, "Shina kai mu. Miƙo kwando."

Da shi muka shuka, shi muka ci muna noma har sabon gero ya nuna, kuma a daminar nan hauyar mijina ba ta taɓa gonar kowa ba sai tasa.